Daga Ƙwarya Zuwa Tangaran: Inda Bahaushe Ke Samo Adon Gidansa

Duk wanda ya leƙa gidan biki a Sabangali ranar da za a yi wa amarya jere, zai tarar da gwaggwanni da ƙawaye sun yi da'ira a kan waya guda, ana nuna wa mai haɗa gado hoton wani ɗaki na Dubai ko Turkiyya, ana cewa irin wannan ake so. Tsofaffi kuwa na gefe suna girgiza kai, wai an bar na gida an kama na wasu. Kukan nasu yana da tushe, sai dai tarihi ya nuna cewa aron ado ba yau Bahaushe ya fara shi ba. Abin da ya sauya shi ne yadda ake aron.

Mu fara da ginin kansa. A ƙasar Hausa gini sana'a ce ta gado, mai sarauta tata, wato Sarkin Magina. Da tubali da azara da makuba magina suka tayar da Gidan Rumfa a Kano, fadar da ake danganta wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A Zariya kuwa, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a, wanda har yau masana gini ke zuwa kallon bakan gizonsa. Waɗannan magina ba su da littafin zane. Idonsu ne makarantarsu. Suna duban aikin allura a ƙirjin babbar riga, irin su aska takwas da dagi, suna duban zayyanar da malamai ke yi wa allo da aikin dukawa a kan fata, sai su mayar da shi jikin bango tun ƙasa tana ɗanya.

Da Turawa suka zo, kayan zamani suka shigo, magina ba su kau da kai ba. A fuskar gidajen attajiran Zariya da Kano na tsakiyar ƙarnin da ya wuce, an zana keke da agogo da mota, har da jirgin sama, kusa da takobi da dagi, a ƙarƙashin zankwaye. Keken daga Ingila ya zo, amma da ya hau bangon zaure sai ya zama Bahaushe, domin hannun da ya zana shi da ƙasar da aka kwaɓa duk na gida ne. Wanda ya taɓa zagaya unguwar Birni a Damagaram ya ga irin wannan aiki da idonsa. Kuma sana'ar ba ta tsaya a zamanin da ba: masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Idan fuskar gida ta maigida ce, cikin ɗaki na mace ne, kuma a nan tarihin aro ya fi fitowa fili. Kakanninmu da ƙorai suka yi jere, sassaƙaƙƙu, an ɗora ƙarama a kan babba, an rufe da faifai masu launi. Mata su taru su yi daɓe suna waƙa, a yayyafa makuba har ƙasa ta yi sheƙi, a shafe bango da farar ƙasa. Daga baya masu hali suka ƙara da tasoshin tagulla, irin waɗanda maƙeran Bida suka shahara da su. Sai kwanuka masu fenti suka iso ta hannun kamfanonin Turawa, daga Turai da Hong Kong, kafin a kafa masana'antunsu a Najeriya. Langa da fanteka da samira suka ture ƙwarya, amma tsarin jeren bai sauya ba, ƙarama a kan babba har kusa da rufi. Magina ma sukan manna faranti a tsakiyar rufin soro, inda bakan gizo suka haɗu. Bayan haka aka yi yayin gado mai rumfa, aka zo kan kabad mai gilashi cike da tangaran. Jeren nan kuma bai tsaya ga ado ba. Dukiyar mace ce ta kanta, wadda take iya sayarwa ranar buƙata, ko ta ajiye wa 'yarta.

A nan ya dace mu dubi mutanen Holan, waɗanda matanmu suka san sunan ƙasarsu ta hanyar atamfa. A 1602 suka kafa babban kamfaninsu na cinikin Gabas, jiragensa suka riƙa kawo tangaran mai fari da shuɗi daga Sin, masu kuɗi suna jera shi a ɗakunansu. Maginan tukwane na garin Delft suka shiga kwaikwayonsa da yumɓun ƙasarsu. Da daular Ming ta faɗi a 1644, yaƙi ya tsinke hanyar kaya, sai kasuwa ta koma hannunsu. Sannu a hankali suka riƙa zana jiragen ruwansu da injinan iskarsu da wasannin yaransu a kan faranti da tayil. Ɗaya daga cikin masana'antun, wadda aka kafa a 1653, tana aiki har yau, kuma duniya na kiran wannan shuɗi da sunan Delft. A zanen masu zanensu na wancan ƙarni ana ganin dardumar Turkiyya a shimfiɗe kan tebur, inda mu da ƙasa za mu shimfiɗa ta. Ita kanta atamfar Holan, wadda kamfanin Vlisco na garin Helmond da aka kafa a 1846 ke bugawa, asalinta kwaikwayon rinin mutanen tsibirin Jawa ne a Indonesiya. Sun ara, sun sarrafa da hannunsu, har suka sayar mana.

Mu Hausawan Chadi mun fi kowa sanin wannan hanya. Fatauci da tafiyar Hajji ta ƙasa ne suka kawo yawancin iyayenmu bakin kogin Shari, garin da aka kafa a 1900 da sunan Fort-Lamy, aka mayar da shi Njamena a 1973. Sun zo da zaure da jere, suka tarar da Larabawan Shuwa da Barebari da Kotoko, kowa da adonsa. Turaren wuta da ke tashi a ɗakin matarmu a yau, da shimfiɗar darduma da matasai a zauna a sha shayi, zaman tare ne ya ƙarfafa su a gidajenmu. Kuma ga ƙauyen Gawi nan kusa da birni, inda matan Kotoko ke gina tukwane, suna yi wa bangon gidajensu zane da ƙasa mai launi. Mutum nawa ne a cikinmu suka je suka gani, balle su ɗauko wani abu?

Abin damuwar a yau guda biyu ne. Na farko, aron ya koma saye zalla. Kaya na tsallako gadar Ngeli daga Kuseri, ko su sauka daga Dubai a cikin kwali, babu hannun kowa namu a jikinsu. Uba ya ci bashi, ko ya sayar da fili, don kada a yi wa 'yarsa gori ranar jere, wani auren ma a ɗaga shi shekara guda saboda kujeru. Kayan katakon da aka matse da gam kuwa, damina biyu ta ishe su, ba su da ranar sayarwa kamar tasar kaka. Na biyu, ambaliyar 2022 da ta 2024 sun rushe gidajen ƙasa masu yawa a birnin nan, kuma ba wanda zai ga laifin mai neman siminti. Amma idan bangon ƙasa ya tafi, ba dole ne zanensa ya bi shi ba. Magina a Zariya da Kano sun daɗe suna fitar da dagi a kan shafen siminti.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Don haka mai gini a Sabangali ya nemi magini ya fitar masa da zane ko da a saman ƙofa ne. Uwar amarya ta ware wa ƙwarya da faifai da tukunyar Gawi gurbi a cikin kabad. Wadda kuma ta gaji tasa ko langa daga kakarta, ta tambayi labarinta tun masu sani suna raye, ta faɗa wa 'yarta. Allah Ya albarkaci gidajenmu, Ya rufa wa iyaye asiri.