Tarihin Shirya Wasan Doctor Who: Daga Landan Zuwa Jos

Gabatarwa

Masu nazarin adabi sun saba ɗaukar wasan kwaikwayo a matsayin abin da marubuci ya ƙaga shi kaɗai, don haka sai su duƙufa a kan jigo da salo da zubi da tsari. Amma wasan talabijin yana da waɗansu masu hannu a cikinsa da ba a ambatonsu, wato kuɗin da aka ware masa, da girman ɗakin da ake ɗaukarsa, da lafiyar 'yan wasa, da kuma ra'ayin shugabannin gidan talabijin. Wannan maƙala za ta bi diddigin Doctor Who, ƙagaggen labarin kimiyya da gidan BBC na Birtaniya ya nuna daga 1963 zuwa 1989, domin mai karatu ya ga yadda waɗannan abubuwa suka sassaƙa labarin, da yadda aka yi asarar wani ɓangarensa, da kuma inda ƙasarmu ta shigo cikin zancen.

Mafarin Wasan

Asalin wasan cike gurbi ne. A yammacin Asabar akwai tazara tsakanin shirin wasannin motsa jiki da na waƙoƙin matasa, ana kuwa neman abin da zai riƙe yara da iyayensu. Sydney Newman, mutumin Kanada da ke shugabantar sashen wasan kwaikwayo, shi da Donald Wilson da C. E. Webber suka tsara labarin wani dattijo baƙon duniya, Dakta, mai yawo cikin zamunna tare da jikarsa da malamanta biyu, ɗaya na kimiyya, ɗaya ta tarihi. Manufar ita ce ilmantarwa: in an koma baya a koyi tarihi, in an yi gaba a koyi kimiyya.

Newman ya danƙa shiryawa a hannun Verity Lambert, mai shekara 27, wadda a lokacin ita kaɗai ce mace mai wannan matsayi a sashen. Wanda ya ba da umarni a labarin farko shi ne Waris Hussein, haifaffen Laknau ta Indiya, yana da shekara 24. William Hartnell ne ya fito a matsayin Dakta. Ɗaukar farko ba ta gamsar da Newman ba, sai da aka sake ta. An nuna kashi na ɗaya ran 23 ga Nuwamba 1963, kwana guda bayan kisan Shugaba Kennedy na Amurka, hankalin jama'a yana wani wuri, ga kuma ɗaukewar wuta a wasu yankuna. Saboda haka aka maimaita shi a mako na gaba.

Rashi Ya Zama Salo

Hausawa kan ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki. A tsarin labarin, jirgin Dakta mai suna TARDIS yana rikiɗa ya yi kama da duk inda ya sauka. Da yake gina sabuwar siffa kowane mako abu ne mai cin kuɗi, sai aka ce na'urar rikiɗar ta lalace, jirgin ya maƙale a kamannin rumfar wayar 'yan sanda, irin wadda ke titunan Landan a wancan zamani. Wannan dabara ta tsimi ita ce ta zama tambarin wasan.

An ɗauki kason farko a wani matsattsen ɗaki mai zafi a Lime Grove. Tef ɗin bidiyo yana da tsada, gyaransa kuma sai an yanke shi an liƙa, don haka 'yan wasa kan yi kwanaki suna gwaji, sa'annan a ɗauki kashi mai minti 25 a yamma guda, kusan ba tsayawa. Wannan ne ya sa tuntuɓen harshen Hartnell yake nan a cikin hotunan har yau. A zango na farko kaɗai an yi kashi 42.

Haka abin yake ga sauti. Ron Grainer ne ya rubuta kiɗan buɗe shiri, amma Delia Derbyshire ce ta haɗa shi ta hanyar yanyanka tef da liƙe shi, sauti bayan sauti. Kukan jirgin kuwa, Brian Hodgson ne ya samar da shi da ya goga mabuɗi a kan tsirkiyar wani tsohon fiyano. Ba a rubuta sunan Derbyshire a allo kan wannan aiki ba sai 2013, shekara 12 bayan rasuwarta.

Newman ya yi hani ga shigo da dodanni. Duk da haka Lambert ta dage a kan labarin Terry Nation na halittun Dalek, waɗanda ya ƙaga da tunanin 'yan Nazi, Raymond Cusick kuma ya zana su. Sun bayyana a Disamba 1963, masu kallo suka tashi daga miliyan shida da 'yan kai zuwa wajen miliyan goma. Tun daga nan dodanni suka rinjayi darasin tarihi, har aka jingine labaran tarihi zalla a 1967.

Sauyin Jarumi

A 1966 ciwon jijiyoyin jini ya raunana Hartnell, haddar rubutu ta fara gagararsa. A al'ada, tafiyar jarumi ita ce mutuwar wasa. Amma Innes Lloyd da Gerry Davis suka yi tunanin cewa tun da Dakta ba ɗan Adam ba ne, yana iya sabunta jikinsa ya tashi da wata fuska da wani hali. Ta haka Patrick Troughton ya gaje shi. Jon Pertwee ya zo a 1970 tare da hoto mai launi, aka kuma tsare Dakta a doron ƙasa don rage kuɗin gina baƙin duniyoyi. Tom Baker ya riƙe matsayin daga 1974 zuwa 1981.

A 1985 Michael Grade, shugaban tashar BBC ta ɗaya, ya dakatar da wasan na wata 18. Daga 1987 aka riƙa nuna shi daidai lokacin Coronation Street, wasan da ya fi farin jini a tashar hamayya, masu kallo suka ragu, aka rufe shi a Disamba 1989 bayan zango 26. An yi fim guda a 1996, sa'annan Russell T Davies ya farfaɗo da shi a 2005.

Gogewa da Ganowa

Tsakanin 1967 da 1978 BBC ta goge tef-tef masu yawa domin ta sake amfani da su. Dalilai uku suka haɗu: tsadar tef, da yarjejeniyar ƙungiyar 'yan wasa da ta taƙaita maimaita shiri, da zuwan launi wanda ya karya darajar hoto baƙi da fari. Abin ya fi shafar kashi 253 na shekaru shida na farko. Labarin Marco Polo mai kashi bakwai ya ɓace ɗungurungum, haka ma kashin da Hartnell ya yi ban kwana, in ban da 'yan guntaye. Sautinsu dai ya tsira, albarkacin masu kallo da suka riƙa kanga rakoda a bakin akwatin talabijin a gidajensu.

Sai dai kafin gogewar, an kwafe hotunan a kan fim mai faɗin milimita 16 ana sayar wa ƙasashen waje, tasha na miƙa wa tasha. Nijeriya na cikin masu saye. A Oktoba 2013 aka sanar da cewa Philip Morris, mai farautar tsofaffin finafinai, ya tarar da kashi 11 a ma'ajiyar wata tashar talabijin a Jos, tara daga ciki an riga an fid da rai da su: biyar na The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear, duka na zamanin Troughton. Wannan ya sauko da adadin ɓatattun daga 106 zuwa 97 a wannan shekara.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa siffar jirgi da sauyin jarumi, ginshiƙan wasan guda biyu, daga ƙarancin kuɗi da rashin lafiya suka fito, wanda duk ya nazarci rubutun kawai ba zai gane haka ba. Ya kuma nuna cewa littafi yana da kofe dubbai, wasan talabijin kuwa wani lokaci kofe ɗaya ne tak, in an goge shi sai labari. Kaya na wasu sun yi shekaru aru-aru na ƙura a kan kanta a Jos, masu su suka biyo sawu suka ɗauka. Ya rage ga sassan Hausa na jami'o'inmu su tambayi gidajen talabijin halin da kaset-kaset ɗin Samanja da Karkuzu suke ciki, su lissafa su, su kwafe su, tun ana iya kunna su.