Tumur

Tumur, wanda a takardun hukuma ake rubutawa Toumour, gari ne a ƙuryar kudu maso gabashin Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Diffa, kuma shi ne mazaunin ƙaramar hukumar karkara mai wannan suna, wadda aka sanya ƙarƙashin gundumar Bosso tun da aka kafa gundumar a 2011. Yana cikin shimfiɗaɗɗen filin Kadzel, arewa da kogin Komadugu Yobe, wanda ya raba Nijar da ƙasar Barno kafin ya faɗa Tafkin Chadi.

Da yake damina gajeriya ce a wannan nahiya, ruwan sama kuwa ƙalilan, rijiya da makiyaya ne asalin zaman jama'a a nan. Galibinsu Fulani ne masu shanu da tumaki, waɗanda sarautarsu ta gargajiya ke zaune a garin, alhali kuwa maƙwabtansu Barebari na bakin kogi sun shahara da noman tattasai da kamun kifi, har mu'amala ta daɗe tsakaninsu ta nono da hatsi.

Fitinar Boko Haram ta sauya wannan hali ƙwarai, domin dubban 'yan gudun hijira daga Bosso da Nijeriya sun sami mafaka a Tumur, mutanensa kuwa suka karɓe su da karamci abin yabo. A daren 12 ga Disamba 2020, jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi, mahara suka ƙone kasuwa da ɗaruruwan gidaje, suka hallaka mutane fiye da 20, Allah Ya jiƙan su.