Kalaba ba ta ƙare a Bogobiri ba

'Yan'uwa ɗaliban UNICAL, musamman sababbin shiga. Da yawanmu 'yan Arewa muna shekara huɗu a garin nan, amma hanyarmu uku ce kacal: hostel, aji, sai Bogobiri a ci tsire a yi sallar Juma'a. Wallahi asara ce. Ranar Asabar na zaga tsohon gari har bakin ruwa, ga abin da nake so ku sani kafin ku je.

Kogi ne ya haifi Kalaba. Kabilar Efik sun kafa garuruwa a gaɓarsa, irin su Duke Town da Creek Town, suka zama dillalai tsakanin jiragen Turawa da mutanen cikin ƙasa. Kayan cinikin kuwa mutane ne. A ƙarni na 18 jiragen Libaful da Biristol sun yi ta lodin bayi daga nan zuwa nahiyar Amurka. Da Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta wannan fatauci a 1807, sai a hankali harka ta koma manja, wanda masana'antunsu ke buƙata don sabulu da man injina. Dillalan dai su ne, haja ce ta canja.

Ku fara da Old Residency, gidan katakon da ke kan tudu yana kallon kogi. A Birtaniya aka ƙera sassansa, aka kawo a jirgi, aka haɗa a 1884. Yanzu gidan tarihi ne. Daga garin nan Turawa suka mulki yankin gaɓar teku, kuma Kalaba ce hedikwatar Kudancin Najeriya har 1906 da aka mayar da ita Legas. Nan aka kawo Oba Ovonramwen bayan an ci Benin da yaƙi a 1897, nan ya rasu a 1914. Makarantar Hope Waddell da aka kafa a 1895, wadda Nnamdi Azikiwe ya yi karatu a cikinta, tana nan tana aiki. Mary Slessor, wadda ta yaƙi kashe tagwaye, ta iso a 1876, kabarinta ma yana garin.

To me ya kwantar da gari irin wannan? Abu biyu. Na farko gwamnati ta tashi. Na biyu, aka gano kwal a Inugu, aka gina Fatakwal, aka ja mata layin dogo a 1916. Kalaba ba ta samu jirgin ƙasa ba, sai kaya suka bi inda hanya take. Yaƙin basasa ya ƙara nasa, sojojin tarayya suka ƙwace garin ta ruwa a Oktoban 1967.

Farfaɗowar da ake ta faɗa ta zo ne zamanin Gwamna Donald Duke, 1999 zuwa 2007. Aka share tituna, aka shuka itatuwa, aka fara bikin kanibal na Disamba a 2004, aka buɗe Tinapa da Marina Resort a 2007. Marina ɗin nan na zauna na sha iska, ga kwale-kwale ga yara suna wasa. Amma a harabar akwai gidan tarihin bayi, da sarƙoƙi da siffar cikin jirgi yadda ake jera mutane kamar buhuna. Na fito jikina a sanyaye. Wurin da muke ɗaukar hoto, gaɓar da aka yi cinikin 'yan Adam ce.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: an gyara fuskar gari, ba a gyara tukunyarsa ba. Tinapa da aka kashe wa maƙudan kuɗi don ta zama babbar kasuwa ta shafe shekaru shagunanta a rufe. Tashar jiragen ruwa kuma tana can cikin kogi, nesa da teku, yashi na cike hanyar, manyan jirage ba sa iya shigowa sai an yashe. An sha ba da kwangilar, har yau ana jira.

Kada ku ce ina ruwanmu. Ɗan Taraba da ɗan Adamawa, wannan tashar ta fi muku Legas kusa, ta hanyar Ikom da Ogoja zuwa Katsina-Ala. Duk kwantenar da ta sauka Apapa maimakon nan, kuɗin motar da ya ƙaru a aljihun iyayenmu yake fita. Kuma 'yan'uwanmu na Bogobiri da Kasuwar Watt, cinikinsu yana tashi ne idan gari ya motsa, ba wata ɗaya na Disamba kawai ba.

Shawarata: ku haɗu ku biyar ko shida, ku tafi da katin makaranta, ku fara da Old Residency da safe, ku gangara Marina bayan la'asar. Masu neman abin rubuta furojet a Tarihi ko Tattalin Arziki, ga shi a ƙofarku. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya mayar da mu gida lafiya.