Cincila: dabbar tsaunukan Andis, zomon da ya ari sunanta, da danginta na yankin Tamale

A tallace-tallacen dabbobi da ke yawo a Facebook da WhatsApp a Gana da Togo da Najeriya, ana yawan cin karo da sunan «Chinchilla», wanda ake furtawa cincila. Mai saye daga Kasalgu da ke gefen birnin Tamale, ko daga wani zango a Lome ko Wagadugu, zai iya ɗauka cewa dabbar nan ce mai laushin gashi da ake gani a bidiyo tana birgima cikin ƙura. Galibi ba ita ba ce, wani nau'in zomo ne da aka laƙaba wa sunanta. Sanin bambancin yana da amfani kafin a biya kuɗi, domin zomon yana rayuwa har ya hayayyafa a arewacin Gana idan an kula da shi, ita kuwa cincila ta asali zafin yini guda na watan Maris ya isa ya kashe ta.

Cincila ta asali

Ƙaramar dabba ce daga dangin masu gaigayar abinci da haƙoran gaba, 'yar asalin tsaunukan Andis a Kudancin Amurka. Tana da zagayayyun kunnuwa, manyan idanu, da jela mai gashi irin ta kurege. Babba tana yin giram 400 zuwa 800, kuma mace ta fi namiji girma. Iri biyu ne: mai doguwar jela, wadda masana ke kira Chinchilla lanigera, da mai gajeriyar jela da ke zaune can saman duwatsu, sama da mita 3,000. Waɗanda ake kiwo a gidaje a yau galibinsu daga mai doguwar jelar suka fito. Sunan kansa ana danganta shi da al'ummar Chincha ta ƙasar Peru.

Gashinta ne ya yi mata suna, shi ne kuma ya jawo mata bala'i. Daga ramin gashi guda na fatarta sama da sili 50 ke fitowa, alhali a jikin mutum sili ɗaya zuwa uku ne. A ƙarni na 19 an yi ta farautarta ana kai fatun Turai, kuma babbar riga guda tana cin fata fiye da 100. A 1910 ƙasashen Chile da Bolibiya da Peru da Ajantina suka ƙulla yarjejeniyar hana farautarta, amma kafin nan ta kusa ƙarewa. Yau ragowar na daji a Chile aka fi samunsu, inda aka keɓe musu gandu kusa da garin Illapel a 1983. Yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe, amma haramcin bai shafi na gida ba.

Kiwonta a gida ya samo asali ne daga wani injiniyan haƙar ma'adinai Ba'amurke, Mathias Chapman, wanda ya kai guda 11 jihar Kalifoniya a 1923. An ruwaito cewa da ƙanƙara aka riƙa sanyaya kejinsu a cikin jirgin ruwa har suka tsallake yankin zafi. Tun daga tafiyar farko ke nan, zafi ne babban abokin gabarta.

Abin da kiwonta ke buƙata

Cincila dabbar dare ce. Da rana barci take yi, sai magariba ta fara tsalle-tsalle, don haka tana son keji mai tsawo na ƙarfe, da matakalai na katako, da ɗan akwatin ɓuya. Roba ba ta da wuri a kejin, domin za ta gaigaye ta ta haɗiye. Haƙoranta 20 ne, kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ta mutu. Abin da ke rage musu tsawo shi ne tauna ingirici, wato busasshiyar ciyawa mai tsabta, wadda ita ce ginshiƙin abincinta, sai ɗan abincin kanti da aka haɗa musamman dominta. Gyaɗa da dabino da 'ya'yan itace masu zaƙi, waɗanda mai gida zai so ya ba ta don nuna ƙauna, suna ɓata mata ciki. Idan haƙoran gaba sun yi launin ruwan goro, lafiya ce. Idan ta fara dalalar da miyau ta ƙi abinci, alama ce haƙoran ciki sun yi tsawo, sai likitan dabbobi.

Ba a yi mata wanka da ruwa. Gashin ya yi kauri ƙwarai, ba ya bushewa da wuri, kuma danshin da ya maƙale a ciki yana kawo makero. Wankanta shi ne birgima cikin ƙura mai laushi ta tokar dutse mai aman wuta, sau biyu ko uku a mako, na minti goma zuwa sha biyar. Yashin gini ko na rafi ba ya maye gurbin wannan ƙura, yana da kaushi, yana karya gashi ya shiga ido. Haka kuma ba a cafkarta da ƙarfi: idan ta tsorata sai ta saki gashin wurin da aka riƙe, dabarar da take tsere wa maƙiya da ita a daji.

Haihuwarta a hankali take. Ciki yana ɗaukar kwana 111, wanda ya yi tsawo sosai ga dabba mai wannan ƙanƙanta, kuma yawanci 'ya'ya biyu take haifa. Suna fitowa da gashinsu, idanu a buɗe, suna iya hawan wayar keji tun ranar farko, shi ya sa ake son ramukan wayar su zama ƙanana. Ana yaye su a mako 6 zuwa 8. Uwar tana iya sake ɗaukar ciki cikin kwanakin farko bayan haihuwa, don haka masu kiwo ke raba ta da namiji har ta huta. Tana yin shekara 10 zuwa 15 a gida, wasu har 20. Wanda ya saya wa ɗansa ɗan firamare, mai yiwuwa yaron ya gama sakandare tana nan.

Ita da zafin Tamale

Cincila ba ta zufa, ga ta kuma cikin bargon da ba ya cirewa. Ta fi jin daɗi idan ɗaki bai wuce digiri 20 a ma'aunin Salshiyos ba, kuma daga digiri 27 zuwa sama haɗarin bugun zafi ya fara, musamman idan akwai danshi a iska. Alamominsa su ne kunnuwa su yi ja, ta kwanta ta gefe tana haki, daga nan sai mutuwa cikin 'yan sa'o'i.

A Tamale, watannin Maris da Afrilu zafin rana yana kaiwa digiri 40. Damina, daga Mayu zuwa Oktoba, tana rage zafin amma ta kawo danshi. Darare na hunturu a Disamba da Janairu ne kaɗai suka yi kusa da abin da take so, su ma da hantsi ya ɗaga shi ke nan. Fanka ba ta da amfani a gare ta, domin iskar fanka mai zufa take sanyayawa. Abin da ya rage shi ne na'urar sanyaya ɗaki dare da rana duk shekara, tare da janareto ko batirin sola da zai karɓa nan take idan an ɗauke wuta, abin da mutanen Gana ke kira dumsor. A ɗakin kwano da aka rufe, ɗaukewar wuta ta awa biyu da azahar ta isa. Ga kuma kuɗin ƙurar wanka da abincin da sai an yi odarsu daga waje, da takardar izinin hukumar lafiyar dabbobi da ake buƙata kafin a shigo da kowace dabba mai rai cikin ƙasa. Wannan lissafi bai canza ba a Yamai ko Maraɗi ko Garwa, in ma bai fi tsanani ba.

Zomon da ya ari sunan

A Faransa aka samar da shi. Wani mai suna Dybowski ne ya fara baje shi a 1913, kuma an sa masa sunan ne saboda launin gashinsa mai ruwan toka ya yi kama da na cincila, a lokacin da fatarta ke da tsada. Ya isa Amurka a 1919, inda aka fitar da manyan nau'o'insa. Ƙaramin yana yin kilo 3 ko ƙasa da haka, matsakaicin kilo 4 zuwa 5, babban kuma yana haura kilo 5 da rabi. Da Faransanci lapin chinchilla ake ce masa.

Gane shi ba wuya. Dogayen kunnuwa, guntuwar jela, da girman da ya ninka na cincila sau da yawa. Idan aka hura gashin bayansa za a ga launi hawa-hawa: shuɗi-shuɗi mai duhu a gindi, fari-fari a tsakiya, baƙi a baki. Sai dai launi kaɗai ba ya nuna tsantsar iri, domin zomayen da ke hannun masu kiwo a yankin sun daɗe suna cakuɗuwa. Mai saye ya nemi ganin iyayen, ya kuma ɗora a sikeli.

Kiwon zomo yana da tarihi a Gana. A 1972, zamanin shirin ciyar da kai na gwamnatin Acheampong, an kafa aikin zomo na ƙasa a Kwabenya kusa da Accra, wanda ya riƙa raba iri ga masu kiwon bayan gida. Ga Musulmi kuma babu wata tababa, mazhabobi huɗu sun halatta namansa.

Cikin zomanya kwana 31 ne, tana haifar 'ya'ya 4 zuwa 8, tsirara, idanu a rufe har kusan kwana goma. Ana sa mata akwatin haihuwa a kwana na 28. Ita ake kai wa ɗakin namiji, domin idan aka kawo mata shi nata ɗakin faɗa take yi. Shi ma zomo zafi yana wahalar da shi: daga digiri 30 yana rage cin abinci, kuma ƙarfin haihuwar namiji yana raguwa. Saboda haka akurkin ya kasance a inuwar mangwaro ko dogonyaro, a ɗaga shi daga ƙasa, a shimfiɗa zana ko ciyawa a kan rufin kwano, ruwa kuma kada ya yanke. Barbara da sassafe ta fi, kuma gara a sassauta ta a Maris da Afrilu. Abincinsa duk na gida ne: harawar wake da ta gyaɗa da aka adana tun kaka, ganyen dankali, zogale, dusar masara. Ɗanyen ganye a bar shi ya ɗan yi yaushi kafin a ba shi, saboda kumburin ciki. Zawo a ƙananan zomaye da ƙazuwar kunne su ne cututtukan yau da kullum, kuma ƙazantar akurki ce ke haɓaka su. Ba a ɗaga zomo da kunne, ko da yake haka aka saba gani a kasuwa.

Gyazbi, ɗan'uwanta na nan

Abin mamaki, zomo ba dangin cincila ba ne. A rabe-raben masana, danginta a wannan yanki su ne beguwa da gyazbi, wanda wasu ke kira gyauji. A kudancin Gana akrantie ake ce masa, da Faransanci aulacode, a kasuwannin Kwatano da Abijan kuma agouti. Ba gafiya ba ne, ko da yake akwai masu ƙyamar namansa saboda kamarsa da ɓera.

Dangantakar tana bayyana a haihuwa. Cikin gyazbi kusan wata biyar ne, yana haifar 'ya'ya huɗu a matsakaici, da gashinsu, idanu a buɗe, kamar dai na cincila. Haƙoran gabansa ma ba sa daina tsiro, kuma jelarsa tana iya tsinkewa idan aka fizge ta. Babba yana yin kilo 3 zuwa 6, wasu mazan su fi haka. Ana haɗa namiji ɗaya da mata huɗu ko biyar, maza biyu manya kuwa ba sa zama ɗaki ɗaya. Ɗakin na bulo da siminti ne da ƙofar ƙarfe, domin katako abincin haƙoransa ne. Yana cin gamba da ciyawar giwa da karan masara da rake da rogo.

An fara nazarin kiwonsa a Gana tun shekarun 1970 a sashen kula da namun daji, ƙarƙashin Emmanuel Asibey. A Jamhuriyar Benin wani aikin haɗin gwiwa da Jamus da aka fara a 1983 ya fitar da irin da ya saba da keji, wanda ya bazu zuwa maƙwabta. Daga 2014 Jami'ar Gana da Jami'ar Kyoto ta Japan suka kai kiwon ga manoman jihar Upper West, mai yanayi irin na Tamale. A dokar Gana an rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, amma an keɓe gyazbi, da sharaɗin a mallaki lasisi. Kiwonsa yana rage dalilin cinna wa daji wuta da rani don a kore shi daga maɓoya.

Matsalarsa a arewa akasin ta cincila ce. Sanyin daren hunturu yana jawo masa ciwon huhu, don haka ana rufe ɗakin da buhu ko zana da dare. Ɗanyar ciyawa kuma tana ƙaranci daga Janairu zuwa Afrilu, sai wanda ya shuka a fadama ko ya adana. Gyazbi ba abin wasan yara ba ne, yana da saurin firgita, wanda aka kamo daga daji kuma yakan yi ta dukan bango har ya ji wa kansa rauni, shi ya sa ake sayen iri daga wurin masu kiwo. Mazauna Kasalgu da kewaye suna da inda za su nemi shawara a kusa: sashen aikin gona na jami'ar UDS da tashar binciken dabbobi a Nyankpala, da kwalejin lafiyar dabbobi da ke Pong-Tamale.