Ƙa'idojin hawa da sauka a jirgin ƙasa mai dogon zango: abin da matafiyi daga Zangon Kumasi ya kamata ya sani

Ba kowace tsayawa da jirgin ƙasa ya yi ba ce ke ba fasinja damar hawa ko sauka. A kan layuka masu tsawo akwai tashar da jirgi ke ɗaukar fasinja kawai, akwai wadda yake sauke su kawai, akwai kuma wadda zai tsaya ba tare da an buɗe wa kowa ƙofa ba. Rashin sanin wannan bambanci kan jawo wa matafiyi tara, ko asarar tikiti, ko kwana a garin da bai yi niyya ba. A yau babu jirgin fasinja mai dogon zango da ke tashi daga Kumasi, don haka akasarin matasan Zango sukan fara haɗuwa da waɗannan ƙa'idoji ne a Najeriya, ko a Saudiyya lokacin Hajji da Umara, ko a Turai da Amurka.

Kumasi da layin dogo

An fara shimfiɗa layin dogo daga Sekondi a shekarar 1898. Ya kai Tarkwa a 1901, ya kai Obuasi a 1902, sannan ya shiga Kumasi a 1903. Layin gabas, wanda ya taso daga Accra, da mutanen Zango ke kira Ankara, ya bi ta Nsawam da Koforidua da Nkawkaw ya iso Kumasi a 1923. Zuwan jirgi ya sauya fataucin goro. Maimakon ayarin jakuna ya shafe watanni a hanyar Gwanja, sai 'yan kasuwa suka riƙa tura goro ta jirgin ƙasa zuwa Sekondi, daga nan jirgin ruwa ya kai shi Legas, sannan ya sake hawa jirgin ƙasa zuwa Kano, inda layin dogo ya isa a 1911.

An daɗe ana zirga-zirga da jirgin dare mai gadajen kwana tsakanin Kumasi da Takoradi, kafin jigilar fasinja a manyan layukan biyu ta tsaya a shekarun 2000 saboda lalacewar dogo. Dokar da aka yi a 2008 ta kafa hukumar raya layin dogo ta Ghana, kuma a watan Nuwamba 2024 aka ƙaddamar da sabon layi mai faɗi daga Tema zuwa Mpakadan, mai tsawon kilomita 97, wanda wani ɓangare ne na shirin haɗa Tema da Wagadugu.

Nau'o'in tsayawa

Na farko shi ne tsayawar ɗauka kawai. Ana yin ta galibi a tashoshin da ke kusa da inda jirgi ya taso. Fasinja na iya hawa, amma ba a sayar da tikitin sauka a wurin.

Na biyu shi ne tsayawar saukewa kawai, wadda ake yi idan jirgi ya kusa ƙarshen tafiyarsa. Ƙofa za ta buɗe, mutane su fito, amma wanda ke tsaye a dandamali ba shi da izinin shiga ko da ya ga kujeru babu kowa.

Na uku shi ne tsayawar aiki. Jirgi kan tsaya don canja direba, ko shan mai, ko jiran wani jirgi ya wuce. Wannan ya fi yawa a inda dogo guda ɗaya ne tal, kamar tsoffin layukan Ghana da Najeriya, inda jirage biyu ba sa iya giftawa sai a wurin da aka tanada. Sauka a irin wannan wuri haɗari ne, domin jirgi na iya motsawa ba tare da sanarwa ba.

Na huɗu shi ne tsayawa bisa buƙata, a ƙananan tashoshin karkara. Sai fasinja ya sanar da ma'aikacin jirgi tun da wuri, ko mai jira ya ɗaga hannu, in ba haka ba jirgi ya wuce.

Me ya sa ake sanya waɗannan ƙa'idoji?

Babban dalili shi ne kare kujerar mai nisan tafiya. Idan masu zuwa gari na kusa suka cika taragu, mai tafiyar kilomita ɗari biyar zai rasa wurin zama, bayan minti ashirin kuma jirgin ya ci gaba da tafiya rabinsa wayam. Kamfani ya yi asara, fasinja ma ya yi.

Dalili na biyu lokaci ne. Jirgin da aka ba shi saukewa kawai ba sai ya jira lokacin da aka rubuta a jadawali ba. Da zarar mutane sun gama fita sai ya tashi, ko da ya iso da wuri. A jiragen dare kuma ana taƙaita hawa da sauka a tsakiyar dare don masu barci su samu natsuwa, a kuma rage sata. Sauran dalilan sun haɗa da binciken kan iyaka, da tsaro, da gajartar dandamali, inda ƙofofin wasu taragu ne kaɗai ake buɗewa.

Yadda abin yake a ƙasashen da 'yan Zango ke zuwa

A Najeriya, layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a watan Yuli 2016, yana da manyan tashoshi a Idu da Kubwa da Rigasa, da ƙanana a tsakani irin su Jere da Rijana. Kasancewar tasha a kan layi ba ya nufin kowane jirgi zai tsaya a cikinta. Bayan harin 28 ga Maris 2022 an dakatar da jirgin, kuma da aka dawo da shi ranar 5 ga Disamba 2022 hukumar jiragen ƙasa ta NRC ta wajabta nuna lambar shaidar ɗan ƙasa kafin sayen tikiti. Baƙo daga Ghana ko Nijar ya kamata ya riƙe fasfonsa a hannu.

A Saudiyya, jirgin Haramain mai gudun kilomita 300 a awa, wanda aka buɗe a 2018, yana haɗa Makka da Madina a kan tazarar kimanin kilomita 450, ta Jidda da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah. Tikiti na ɗauke da lokaci da lambar kujera. Makka a rufe take ga wanda ba Musulmi ba, kuma a lokacin aikin Hajji ba a barin wanda ba shi da izini ya shiga garin. Shi kuwa jirgin Masha'ir, da ya fara aiki a 2010 tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, ana hawansa ne rukuni-rukuni bisa lokacin da aka tsara wa kowace tawaga.

A Birtaniya, jadawali na sanya ƙaramin harafin u a gefen lokaci don nuna ɗauka kawai, da harafin s don nuna saukewa kawai. Sanannen misali shi ne tashar Watford Junction a arewa da Landan, inda aka daɗe jiragen dogon zango masu nufar arewa na ɗauka kawai, masu dawowa kuma na saukewa kawai. A Amurka kamfanin Amtrak na amfani da harafin R da D da wannan ma'ana, kuma jiragensa masu fitowa daga kudu, irin su Crescent, kan sauke fasinja kawai a tashoshin da ke tsakanin Washington da New York. A Faransa, kamfanin SNCF na rufe shiga jirgin TGV minti 2 kafin tashi. Mai hawa Eurostar zuwa Landan kuwa sai an duba fasfonsa kafin ya shiga, shi ya sa ake rufe ƙofar tun da sauran lokaci. A Indiya, jiragen Duronto da aka fara a 2009 sun fara ne da tsayawar aiki kawai tsakanin mafari da ƙarshe.

Idan an karya ƙa'ida

Tikiti yarjejeniya ce ta tafiya daga tasha kaza zuwa tasha kaza. Wanda ya hau a tashar saukewa kawai, ana iya ɗaukarsa a matsayin marar tikiti, a sa shi biyan sabon kuɗi ko tara. A inda kujeru ke da lamba, wanda bai hau a tashar da ke rubuce a tikitinsa ba na iya tarar da an ba wani kujerar. Jan birkin gaggawa don a sauka kusa da gida laifi ne da doka ke hukuntawa a ƙasashe da yawa.

Abin lura kafin tafiya

Matafiyi ya duba sunan tasha, ba sunan gari kaɗai ba, domin Idu da Kubwa duk Abuja ne, amma akwai tazara tsakaninsu. Ya karanta alamomin da ke gefen lokaci a jadawali. Idan na'ura ko shafin intanet ya ƙi sayar da tikiti tsakanin tashoshi biyu da jirgi ke tsayawa a cikinsu, galibi alama ce ta cewa akwai ƙa'ida a wurin. Mai zuwa tarbar baƙo a tashar saukewa kawai ya isa da wuri, tun da jirgi na iya riga lokacinsa. Mai kaya da yawa ko mai tafiya da tsofaffi ya tambayi ma'aikacin jirgi minti nawa za a tsaya, da kuma taragon da ƙofarsa za ta buɗe.