Ajiye Karta Mai Ƙarfi: Darasin Da Finafinan Foka Su Ka Daɗe Ba Su Koya Ba

Mai karatu, tun farko bari in faɗa maka, ba tallar caca na zo yi ba, kowa ya san hukuncin ta. Abin da ya ja hankali na shi ne wata tambaya da finafinan Amurka su ka shafe shekaru su na juyawa: idan mutum ya na riƙe da karta mai ƙarfi, amma zuciyar sa ta ce masa na abokin karawar sa ta fi, shin ya ajiye ne ko ya zuba kuɗi?

Wasan kartar da ake kira foka ya yi suna ne a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 19, daga nan jiragen ruwa su ka yaɗa shi ta Kogin Misisifi. Iri biyu ne. Akwai na gasa, inda kowa ke biyan kuɗin shiga a yi ta fafatawa har mutum ɗaya ya rage. Akwai kuma na tsabar kuɗi, inda duk abin da ka tura tsakiyar tebur daga aljihun ka ya fito. A wannan na biyun ne tambayar ta fi zafi.

A 1965 darakta Norman Jewison ya fitar da The Cincinnati Kid, wanda aka ɗauko daga littafin Richard Jessup. Steve McQueen ne yaron da ke son kayar da tsohon gwani Lancey Howard, wato Edward G. Robinson. A zagayen ƙarshe yaron na riƙe da abin da su ke kira cikakken gida: as uku da goma biyu. Ya zuba duk abin da ya ke da shi har da bashi. Sai tsohon ya buɗe karta biyar a jere kuma iri ɗaya, wadda ta fi. Fitowar ta yi daɗin kallo, amma masana wasan sun daɗe su na cewa da wuya ƙwarai irin waɗannan kartocin su haɗu a zagaye guda. Darasin fim ɗin kawai shi ne ƙaddara ta faɗa wa jarumi.

Sai a 1998 Rounders na John Dahl ya zo da wani abu daban. A farkon fim ɗin Mike, wato Matt Damon, ya yi asarar dala 30,000 a hannun Teddy KGB, wanda John Malkovich ya fito a matsayin sa. Mike na da cikakken gida na tara uku da as biyu, shi kuwa Teddy as uku gare shi. A ƙarshen fim sun sake haɗuwa, Mike na riƙe da tagwaye biyu masu ƙarfi, sai ya lura da yadda Teddy ke cin biskit ɗin Oreo idan kartar sa ta yi kyau. Nan take ya ajiye, har ya nuna masa abin da ya ajiye. Ka ga jarumtar a nan janyewa ce, kuma ita ta harzuƙa Teddy har ya rikice.

Bayan Chris Moneymaker, wani akanta, ya lashe dala miliyan 2.5 a gasar duniya ta Las Vegas a 2003, foka ta cika talbijin. Shi ya sa a Casino Royale na 2006 aka sa James Bond ya buga foka, alhali a littafin Ian Fleming na 1953 wani wasan ne, bakara. Sai dai fim ɗin ya koma gidan jiya: mugu Le Chiffre na da cikakken gida, Bond ya buɗe biyar a jere iri ɗaya.

To a zahiri fa? A 2006 ɗin dai, a shirin talbijin na High Stakes Poker, inda ake zuba tsabar kuɗi, Daniel Negreanu ya samu cikakken gida na shida uku da biyar biyu. Ya zuba dala 65,000, sai Gus Hansen ya tura duk kuɗin gaban sa, ƙarin 167,000. Lissafi na cewa idan Negreanu zai ci kamar sau uku cikin goma a irin wannan hali, biyan ya dace. Amma tambayar ita ce: Hansen zai yi wannan kasada da karta mai rauni? Haɗi uku kacal ne su ka fi na Negreanu, ya kuma san da su. Ya yi dogon nazari, ya biya. Hansen ya buɗe, ashe biyar huɗu ya haɗa, ya kwashe dala 575,700.

Abin lura, mai karatu, ƙarfin kartar ka ba ya nufin komai sai an auna shi da abin da ɗayan zai iya riƙewa. Kuma kuɗin da ka riga ka zuba sun bar hannun ka, bin su ne ke jefa mutum rami. Marubutan mu da daraktocin mu na iya ɗaukar wani abu a nan. Mun saba nuna jarumin da ya dage har ƙarshe. Da wuya mu nuna wanda ya ga alama, ya haƙura da abin da ya ke so, ya tashi da sauran mutuncin sa. Rounders ya nuna cewa ana iya riƙe ɗan kallo da irin wannan fitowar, in dai an gina ta da kyau.