Rama a Katsina Laka: Tarihin Igiyar Gida da Buhun Kasuwa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci tarihin noma a kudancin ƙasar Katsina, watau yankin da magabata ke kira Katsina Laka, abin da zai fi cin karo da shi a rubuce shi ne auduga. Dalili kuwa shi ne, auduga ce Turawa suka auna, suka saya, suka rubuta lissafinta a kundi. Amma akwai wani tsiro mai zare wanda ya daɗe yana tsaye a gefen gonar audugar nan da bayan kowane gida, daga Funtuwa da Maska har Bakori da Malumfashi, ba tare da wani ya rubuta lissafinsa ba. Wannan tsiro shi ne rama. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin ramar nan, a nuna yadda ta rayu muddin tana hannun magidanci da matar gida, da yadda ta gagara zama amfanin masana'anta, da kuma abin da gida ya yi asara ranar da igiyar roba ta maye gurbinta.

2.0 Suna da Asali

Rama 'yar dangin yakuwa ce da kuɓewa da auduga, kamar yadda furenta mai ruwan ɗorawa da jan ciki yake nunawa. Masana tsirrai da dama suna ganin Afirka ce tushenta. A shekarar 1759 masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa mata sunan kimiyya Hibiscus cannabinus, saboda ganyen wani irinta mai yatsu ya yi kama da na wiwi. Wannan kama ta ganye, haɗe da cewa dukansu biyu ana samun zare daga ɓawonsu, ita ta sa Turawa suka riƙa cusa su a ƙarƙashin kalma guda, watau hemp, ko da yake a kasuwar duniya an fi sanin rama da sunan kenaf.

Bahaushe bai taɓa yin wannan ruɗani ba. A wurinsa rama abinci ce da igiya, ba ta sa maye, ba ta kuma da wata dangantaka da wiwi. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kawo ta da sunanta na rama. Shi kuwa wiwi, masu bincike da dama suna danganta yaɗuwarsa a Nijeriya da sojojin da suka komo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1966 gwamnatin soja ta kafa doka mai tsanani a kansa, wadda ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai nomansa, a 1989 kuma aka kafa hukumar NDLEA. Har yau noman wiwi haramtacce ne a ƙasar nan. Rama kuwa babu wata doka da ta taɓa hana shuka ta.

3.0 Rama a Cikin Gida

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi laka ce mai riƙe ruwa, damina kuma takan ba ta kimanin milimita 1,000 a shekara. Irin wannan ƙasa rama ke so. Ba kasafai manomi yakan ware mata gona sukutum ba. Abin da aka saba shi ne a shuka ta a kan iyakar gona ta zama shaida tsakanin maƙwabta, ko a tsarma ta cikin dawa da gero, ko kuwa mata su watsa irinta a bayan ɗaki inda juji ya daɗe yana ruɓewa. Irin shuka daga na bara ake ajiyewa, taki kuwa na dabbobin gida ne da toka, don haka sisin kwabo ba ya fita domin ta.

Amfaninta yakan fara tun tana ƙarama. Da zarar ta yi ganye, mata sukan tsinka su dafa, su tsiyaye ruwan don rage tsami, su yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono. Ana sa ta a fate da dambu da miya, ana kuma shanya ganyen a ajiye don rani. Lokacin da ganyen ke samuwa, watau tsakiyar damina, shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Saboda haka kwaɗon rama ya toshe yunwa a gidaje da yawa, tallansa kuma ya zama wata ƙofar samu ga matan da ke cikin kulle.

Bayan wata huɗu ko biyar, sa'ad da karan ya kai mita biyu zuwa huɗu, sai aikin ya koma hannun maza. Hanya biyu ake bi wajen fitar da zaren. Ta farko ita ce a ɓare ɓawon yana ɗanye a shanya, wannan shi ake ɗauri da shi kai tsaye. Ta biyu ita ce a ɗaure karan dami-dami a jiƙa shi a kududdufi ko rafi, a danne da duwatsu, har mako ɗaya zuwa uku. A cikin ruwan ne ƙwayoyin halitta ke cinye danƙon da ya manne zare da kara, sai a saɓule, a wanke, a shanya, zare ya fito fari tas mai laushi. Wannan zare kimanin sulusi ne na nauyin busasshen kara. Ragowar karan, fari marar nauyi, shi mata ke hura wuta da shi.

Tufka kuwa aikin rani ne, aikin dattawa a gindin bishiya ko a zaure, ana hira ana murzawa a cinya ko a tafin hannu. Daga nan ake samun igiyar guga, da ta turke, da dabaibayi, da ragamar doki, da ragayar rataye ƙwarya, da abin ɗaure tsaiko da jinka da darni da zana. Akwai wasu zaruruwa da ke taya ta aiki, irin su kaba da ɓawon kuka da na kargo, amma rama ta fi su da abu guda: shuka ta ake yi, ba a sassaƙe bishiyar daji domin ta, kowace damina kuma sai ta sabunta. Idan igiya ta tsufa ta tsinke, sai ta tafi juji, gara ta cinye ta, ta koma gona a matsayin taki. Ba ta barin komai a baya. Aibinta ɗaya da manoma suka sani shi ne, ruwan da aka jiƙa ta a ciki yakan yi wari ya ɓaci, shi ya sa ake nisanta wurin jiƙo daga mashayar mutane.

4.0 Zuwan Auduga da Buhun Algarara

A 1902 masu masaƙu na Lankasha suka kafa ƙungiyar BCGA domin neman auduga a ƙasashen da Ingila ke mallaka. A wajejen 1912 aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen a lardin Zazzau, daga can ya bazu zuwa Katsina Laka. A shekarun 1920 aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, Malumfashi ma ta sami nata, aka buɗe gonar iri a Daudawa, hanyar jirgin ƙasa daga Zariya kuma ta ratsa Funtuwa ta isa Ƙaura Namoda a 1929. Cikin ɗan lokaci Funtuwa ta tashi daga ƙaramin gari ta zama cibiyar cinikin auduga.

Wannan sabon ciniki yana bukatar mazubi. Gyaɗa da angurya da dilolin auduga duk a cikin algarara ake ɗinke su, dalar gyaɗa ta Kano ma ba komai ba ce illa tarin buhunan algarara. Daga Bangal ake samo zaren waɗannan buhuna, a saƙa a Kalkata ko a Dandi ta Sikotilan, a yi musu doguwar tafiya ta teku zuwa Ikko. Abin mamaki a nan shi ne, tsiron da ake samun zaren algarara daga gare shi ɗan gidan lalo ne, wanda matan Hausa ke miya da shi, ramar da ke bayan ɗaki kuma tana iya yin buhun da ya kusa kai shi inganci. Duk da haka tsarin mulkin mallaka bai waiwaye ta ba, domin masaƙar buhu tana can, kuma a can ake so ribarta ta tsaya. Auduga ta sami malaman gona, da irin shuka daga hukuma, da kasuwanni masu sikeli, daga 1949 kuma ta sami hukumar ciniki mai yanka farashi. Rama ba ta sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

5.0 Yunƙurin Kafa Masana'anta

Bayan samun mulkin kai aka farga da yawan kuɗin da sayen buhu ke fitarwa waje. A 1963 kamfanin da aka sani da NASCO ya fara da masaƙar buhu a Jos, aka kuma kafa wata a Badagiri a cikin shekarun nan na 1960. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta gudanar da gwaje-gwaje a kan rama tare da sauran tsirrai masu zare. Fatan da aka yi shi ne manoman ƙasa su ciyar da masaƙun nan.

Fatan bai cika ba, kuma ana iya gane dalili idan aka dubi kalandar manomin Funtuwa. Ramar masana'anta sai an shuka ta cunkus a gona guda don ta miƙe ba rassa, a yanke ta tana fure, a jiƙa ta da yawa a lokaci ɗaya. Wannan lokaci kuwa yana cin karo da kaka, sa'ad da hannu ke kan girbin hatsi da cirar auduga, kududdufai kuma sun fara ƙafewa. Manomin da ke jiƙa dami goma don bukatar gidansa ba zai iya jiƙa ɗari ba sai ya saki wani aikin da ya fi kawo masa kuɗi. Masaƙun suka ci gaba da dogara da zaren waje. Daɗin daɗawa, farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka rushe babbar kasuwar buhun kanta. Sannu a hankali aka daina saƙa algarara a wuraren biyu.

6.0 Zamanin Roba da Maganin Feshi

A daidai lokacin ne abokin gaba na haƙiƙa ya bayyana. A 1972 kamfanin BAGCO ya fara saƙa buhun roba a Ikko. Igiyar roba ta cika kasuwannin ƙauye: tana da araha, ruwan rijiya ba ya ruɓar da ita, gara ba ta cin ta, ba ta kuma bukatar jiƙo ko tufka. Ba za a zargi magidancin da ya saye ta ba, domin ta rage masa wahala ta gaske. Rufin kwano ya rage jinka, ginin bulo ya rage darni, babur ya rage jaki, kowannensu kuma ya tafi da irin igiyarsa.

A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da gundumomin Malumfashi da Bakori da Faskari da Ƙanƙara. Shirin ya yaɗa takin zamani da sabon irin masara da feshin auduga, masara kuma ta mamaye yankin. Daga baya, da maganin kashe ciyawa ya zama ruwan dare, sai ramar da ake tsarmawa cikin gona ta shiga haɗari, domin maganin da ake fesa wa masara don kashe ciyawa mai faɗin ganye bai san bambancin ciyawa da rama ko yakuwa ba.

Sakamakon yana bayyane a juji. Takin da a da ake kwasa a kai gona yana ruɓewa gaba ɗaya, yanzu cakuɗe yake da leda da zaren buhu da guntayen igiya waɗanda shekaru ba sa narkar da su. Awaki da shanu suna haɗiye su, su cushe musu tumbi, kamar yadda mahauta ke gani kullum. Idan aka ƙone su don a huta, hayaƙin ya shiga ƙirjin masu gida. Abin da ya tsira daga wannan guguwa shi ne ganyen: har yau ana kwaɗon rama a Funtuwa da Malumfashi, domin masana'anta ba ta ƙera abin da zai maye gurbinsa ba.

7.0 Kammalawa

Duniya ta juyo tana neman abin da aka yar. A 1977 aka buga wata jarida a garin Piyoriya na Amurka a kan takardar da aka yi da rama. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2009 ta zama shekarar zaruruwan da ƙasa ke fitarwa, Malesiya ta kafa hukuma mai kula da noman rama, masu ƙera motoci suna sa zarenta a bangon ƙofa, masu sayen koko kuma sun fi son sa a buhun algarara mai shan iska, wanda Nijeriya ke sayowa daga waje. A 2018 Amurka ta halatta noman wani irin wiwi marar sa maye domin zarensa. Manomin Katsina Laka ba ya bukatar jiran irin wannan doka, tun da yana da halattaccen tsiro a bayan ɗakinsa.

Darasin da tarihin ya bari shi ne, rama ta yi ƙarko ne saboda ta dace da lokacin manomi da ƙarfin gidansa, ta kuma gaza a inda aka nemi ta ɗauki nauyin masana'anta ba tare da injin ɓare kara, da wurin jiƙo, da tabbataccen farashi ba. Duk wani sabon yunƙuri da ya manta da wannan, tufka da warwara zai zama.

Ga masu nazarin harshe da al'ada kuwa akwai aiki na gaggawa. Dattawan da suka iya tufka suna ƙarewa, tare da su kuma kalmomin sana'ar ke tafiya: sunayen ire-iren rama, da na ƙulli, da na kowace igiya da aikinta. Yaron da ya tashi da igiyar roba yana iya faɗin tufka da warwara ba tare da ya taɓa ganin ana tufka ba. Ya kamata ɗalibai su shiga ƙauyukan Maska da Bakori da Malumfashi da abin ɗaukar magana tun masu sanin suna da rai, kafin a wayi gari ba a san rama da komai ba sai kwaɗo.